Wa zai ga wane layi? Tsara izini a rumbun bayanan asibiti mai rassa

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Yana gina wa wani asibiti mai zaman kansa manhaja, asibitin yana da rassa uku, rumbun bayanan kuma PostgreSQL ne. Akwai likitoci, ma'aikatan jinya, masu ba da magani, kashiyoyi, ma'aikatan kati da shugaban asibiti. A yanzu manhajar tana shiga rumbun da asusu guda mai ikon komai, duk tacewar a cikin manhajar ake yin ta. Yana son sanin ko ya buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa a cikin rumbun, ko ya bar komai a hannun manhaja. Kuma ta yaya kashiya zai ga kuɗin da ake bin mara lafiya ba tare da ya san cutarsa ba, likitan wannan reshe kuma kada ya ga marasa lafiyar wancan?

Ɗan'uwa, cikin hanyoyi biyun da ka kawo ba zan ba ka shawarar ko ɗaya ba.

Asusu guda mai ikon komai yana nufin sirrin duk marasa lafiyar asibitin ya rataya ne a kan kada wani cikinku ya taɓa manta sa WHERE, wato sharaɗin da ke tace layukan da tambaya za ta dawo da su, a inda ya dace. Yau kai kaɗai kake rubutun, ka san kowane lungu na manhajar. Baɗi za a ɗauko wani yaro mai ƙwazo ya ƙara shafin rahoto, ya rubuta tambaya ɗaya wadda ba ta tace reshe ba, kuma babu abin da zai yi ƙara. Shafin zai buɗe lafiya lau. Sai dai yana nuna wa ma'aikacin kati na reshe na uku marasa lafiyar duk rassan, kuma shi ba zai kawo ƙorafi ba.

Buɗe wa kowa asusu a rumbun kuwa wahala ce ta daban. Kowane haɗi da aka buɗe, PostgreSQL yana tayar masa da shirinsa na musamman a kan sabar, yana cin ƙwaƙwalwa, kuma iyakar da yake zuwa da ita haɗi 100 ne in ba ka ɗaga ba. Shi ya sa ake ajiye 'yan haɗe-haɗe kaɗan a buɗe ana juya su tsakanin jama'a. In kowa na da asusunsa, wannan juyin ya lalace. Ga shi ma'aikata suna zuwa suna tafiya, ana yi musu canjin wurin aiki, sai ka wayi gari kai ne ofishin kula da ma'aikata.

Abin da nake yi, kuma nake ba da shawara, shi ne a raba aikin uku. Irin aikin da mutum ke yi ya zama muƙami a cikin rumbun, kuma muƙaman su zama 'yan kaɗan. Alaƙar mutum da bayani, wato wane reshe yake, wane ɗaki, wane mara lafiya ke hannunsa, ta zauna a tebur kamar kowane bayani. Sannan rumbun da kansa ya riƙa duba wannan alaƙar kafin ya saki kowane layi, ko manhaja ta tuna ko ta manta.

Amma kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ka zauna da shugabar ma'aikatan jinya da akanta da babban likita. Ku rubuta dokokin da Hausa ko Turanci na yau da kullum, jimla-jimla. "Kashiya yana ganin suna da lambar kati da kuɗi, na reshensa kawai." "Likita yana gyara bayanin da shi ya rubuta, ba ya gyara na wani." A nan ne za ka gane cewa su kansu ba su taɓa daidaitawa ba. Ka tambaye su wa ke da ikon ganin sakamakon gwajin ƙanjamau, ka ji amsoshi uku daban-daban. Wannan gardamar tasu ce, ba taka ba, amma sai an gama ta za ka sami abin rubutawa. Kuma a wannan zaman ka kawo musu maganar rasit. Ka ɓoye wa kashiya ginshiƙin da aka rubuta cutar, madalla. To amma rasit ɗin da yake bugawa yana ɗauke da sunan gwajin da aka yi da sunan maganin da aka bayar. Duk kashiyan da ya yi wata shida a asibiti ya san maganin da ake ba mai ƙanjamau, ya san na tarin fuka, ya san na taɓin hankali. Ka rufe ƙofa, rasit ya faɗa masa komai. Mafita ita ce a teburin kuɗi a sa rukuni kawai, "gwajin jini" ko "magani", cikakken sunan ya zauna a teburin da mai ba da magani da likita ke gani. Wannan babu umarnin SQL, wato harshen da ake yi wa rumbu magana da shi, da zai yi maka shi. Tun wajen zana teburori ake yin sa.

Kayan aikin da za ka yi amfani da su ba sababbi ba ne. GRANT da REVOKE, umarnan ba da izini da janye shi, sun samo asali ne daga aikin System R na kamfanin IBM, inda Patricia Griffiths da Bradford Wade suka bayyana tsarin a 1976. Dabarar rumbu ya liƙa wa tambayar mutum ƙarin sharaɗi a ɓoye kuwa, Michael Stonebraker da Eugene Wong ne suka kawo ta a 1974 a aikin INGRES na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Oracle ya sa ta a kasuwa tun Oracle8i a ƙarshen shekarun 1990. PostgreSQL bai samu ba sai a siga ta 9.5, farkon 2016, SQL Server ma a shekarar ya samu.

Fara da muƙamai. Asusun da ya mallaki teburori ya zama daban, ba ya shiga sai ranar da za a canza tsarin tebur. Asusun da manhaja ke shiga da shi kuma kada ya mallaki komai, kada ya iya komai da kansa. A sa shi cikin muƙaman likita, jinya, magani, kashiya da kati, amma da NOINHERIT, yadda ikon muƙaman ba zai zubo masa haka kawai ba sai ya ɗauki ɗaya a fili. Duk buƙatar da ta zo daga ma'aikaci, manhaja ta buɗe ta kamar haka:

```
BEGIN;
SET LOCAL ROLE kashiya;
SELECT set_config('asibiti.ma_aikaci', '417', true);
-- tambayoyin wannan buƙata
COMMIT;
```

Lura da LOCAL ɗin nan, da true ɗin da ke ƙarshen set_config. Su ne ke sa muƙamin da lambar ma'aikacin su mutu da zarar an kai COMMIT. In ka bar su, kuma kana juya haɗi da irin su PgBouncer, haɗin da likita ya gama da shi zai faɗa hannun ma'aikacin kati ɗauke da sunan likitan. Irin wannan matsalar ba ta nuna kanta a kwamfutarka inda kai kaɗai kake gwaji. Sai ranar Litinin da safe, layi ya cika, kowa na danna abu lokaci guda.

Jarabar da za ta zo maka ita ce ka yi muƙami ga kowane haɗin aiki da reshe: likitan reshe na ɗaya, likitan reshe na biyu, haka har ƙarshe. Ayyuka shida a rassa uku muƙamai 18 ke nan. A ƙara ɗakunan kwanciya, a buɗe reshe na huɗu, a sami likitan da ke zagaya rassa biyu, lissafin ya kufce. Tsarin izini bisa muƙami da David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar NIST ta Amurka suka tsara a 1992 yana da kyau wajen amsa "wane irin aiki". Ba a yi shi don amsa "a kan wa" ba. Reshe ba muƙami ba ne, bayani ne. Yi tebur mai suna wurin_aiki, da ma'aikaci, reshe, ranar farawa da ranar ƙarewa. Canjin wurin aiki ya zama ƙara layi ɗaya, wanda ofishin ma'aikata zai iya yi daga manhaja ba tare da an kira ka ba. Shugaban asibiti ma ba ya buƙatar wata ƙofa ta musamman, layi uku za a sa masa.

Abu guda kan GRANT: kada ka ba kowane muƙamin ma'aikata WITH GRANT OPTION, wato ikon miƙa wa wani izinin da aka ba shi. Janye izinin da aka yi ta miƙawa daga hannu zuwa hannu yana da rikitarwa har sai da Ronald Fagin ya gyara hanyar da Griffiths da Wade suka fara kawowa, a 1978. Kai ba ka da dalilin shiga wannan.

Batun ginshiƙai ba zan daɗe a kai ba, don ra'ayina a kansa gajere ne. PostgreSQL yana ba da izini a kan ginshiƙi ɗaiɗai tun siga ta 8.4, kuma yana aiki. Amma yana da tarko biyu. In ka riga ka ba muƙami izinin karanta tebur gaba ɗaya, janye izinin ginshiƙi ɗaya daga baya ba ya hana komai, kuma babu umarnin hani irin DENY na SQL Server. Sai ka janye na teburin duka, ka dawo ka ba da ginshiƙan da kake so ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, da zarar ka yi haka SELECT * zai daina aiki ga wannan muƙamin, kuma yawancin kayan da ke rubuta wa manhaja SQL da kansu suna neman duk ginshiƙan ne. Don haka na fi son raba tebur. Suna, adireshi, lambar waya da lambar kati a tebur ɗaya. Abin da likita ya gano da sakamakon gwaji a wani. Abubuwan da suka fi tsananin sirri a na uku. Izini a kan tebur kowa yana fahimtarsa, ko wanda zai gaje ka bayan shekara biyar zai karanta ya gane.

Yanzu ga layuka, inda ainihin tambayarka take, da misali a kan teburin ziyara, wanda ke ajiye kowane zuwan mara lafiya asibiti.

```
CREATE FUNCTION ni() RETURNS int LANGUAGE sql STABLE AS
$$ SELECT NULLIF(current_setting('asibiti.ma_aikaci', true), '')::int $$;

ALTER TABLE ziyara ENABLE ROW LEVEL SECURITY;
ALTER TABLE ziyara FORCE ROW LEVEL SECURITY;

CREATE POLICY iyakar_reshe ON ziyara AS RESTRICTIVE
  USING (reshe IN (SELECT w.reshe FROM wurin_aiki w
                   WHERE w.ma_aikaci = ni()
                     AND current_date BETWEEN w.daga AND w.zuwa));

CREATE POLICY likita_ya_karanta ON ziyara
  FOR SELECT TO likita USING (true);
```

Da zarar ka kunna tsaron layi a kan tebur ba tare da ƙa'ida ko ɗaya ba, babu wanda ke ganin komai. Haka ya kamata. Jerome Saltzer da Michael Schroeder sun faɗa tun 1975 cewa a gina tsaro a kan "an hana sai wanda aka ba", ba a kan "an ba sai wanda aka hana" ba. NULLIF ɗin da ke cikin ni() ma saboda haka yake. Idan manhaja ta manta sa lambar ma'aikaci, sakamakon babu ne, kuma babu ba ta yin daidai da kowace lamba, don haka ba a ganin layi ko ɗaya. Ana buƙatarsa ne saboda a haɗin da aka taɓa sa lambar sannan ta mutu, PostgreSQL yana dawo da rubutu marar komai a ciki, wanda ba ya juyuwa zuwa lamba.

Kalmar RESTRICTIVE ta shigo ne a siga ta 10, a 2017, kuma ita ce ƙashin bayan tsarin nan. Ƙa'idojin da ba a sa musu ita ba ana haɗa su ne da "ko": in ɗaya ta yarda, an wuce. Ma'ana duk sabuwar ƙa'idar da wani ya ƙara tana faɗaɗa abin da ake gani ne, ba ta taɓa rage shi. Wani zai zo ya rubuta ƙa'idar da ke ba ma'aikatan jinya damar ganin marasa lafiyar da aka kwantar, ya manta da reshe, shi ke nan an buɗe duk rassan. Masu RESTRICTIVE kuwa ana haɗa su da "kuma": dole kowacce ta yarda. Saboda haka iyakar reshe ta zama irin wannan, a rubuta ta sau ɗaya, sauran ƙa'idojin su yi ta yawonsu a cikinta ba za su tsallake ta ba. Sai dai ka tuna ita kaɗai ba ta ba kowa komai. Dole a sami aƙalla ƙa'ida ɗaya ta bayarwa ga muƙamin, in ba haka ba tebur zai zama kamar fanko.

USING yana duba layukan da ke nan, WITH CHECK kuma yana duba layin da ake son rubutawa. A ƙa'idar da ta shafi dukkan ayyuka, in ba ka sa WITH CHECK ba ana amfani da USING a madadinsa, don haka iyakar reshe da ke sama tana hana mutum ƙirƙiro ziyara a reshen da ba nasa ba, tana kuma hana shi tura layi daga reshensa zuwa wani. Inda za ka raba su shi ne inda gani ya fi rubutu faɗi, kamar likitan da ke karanta duk ziyarorin reshensa amma nasa kawai yake gyarawa.

Sai wuraren da bangon ke tsagewa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mamallakin tebur ba ya ƙarƙashin ƙa'idojin sai an sa FORCE. Babban asusu mai cikakken iko da duk wanda aka ba BYPASSRLS, wato ikon tsallake tsaron layi, kuwa ko an sa FORCE ba ya shafarsu. Yawancin masu cewa "na rubuta ƙa'ida amma ba ta aiki" suna gwaji ne da asusun postgres, wato babban asusun. Idan manhajarka ta yanzu da wannan asusun take shiga, ko da wanda ya ƙirƙiri teburorin, to duk abin da ke sama ado ne har sai ka canza shi.

Taga, wato abin da ake yi da CREATE VIEW, ita ce tsaga ta biyu, kuma ta fi ɓoyuwa. A al'ada taga tana karanta teburorin da ke ƙarƙashinta da ikon wanda ya mallake ta ne, ba na wanda ke leƙawa ba. In babban asusu ne ya ƙirƙire ta, duk wanda aka ba izinin leƙa ta ya tsallake ƙa'idojin layi gaba ɗaya. Daga siga ta 15, ta 2022, ana iya sa mata security_invoker ta koma aiki da ikon mai leƙawa. Ka bi duk tagogin da kake da su ɗaya bayan ɗaya. Haka ma gajerun shirye-shiryen da aka rubuta da SECURITY DEFINER, waɗanda ke aiki da ikon mamallakinsu. Za ka buƙace su wata rana, musamman idan ƙa'idar wannan tebur tana duba wancan, ta wancan kuma tana duba wannan, har PostgreSQL ya ƙi da cewa zagayen ba shi da ƙarshe. In ka rubuta irinsu, ka ɗaure musu search_path, wato jerin wuraren da suke neman teburori, ka kuma janye izinin EXECUTE na gudanar da su daga PUBLIC, wato kowa da kowa, domin kowane sabon shiri yana zuwa ne a buɗe ga kowa. TRUNCATE, umarnin share duk abin da ke cikin tebur, shi ma ba ya duba ƙa'idar layi ko kaɗan, kada ka ba muƙamin ma'aikata shi.

Akwai wata tsagar da ba a cika tunaninta ba. Binciken da rumbu ke yi don hana maimaici, da na mabuɗin da ke nuni zuwa wani tebur, ba sa bin ƙa'idojin layi, don dole su ga duk teburin kafin su yi aikinsu. A ce ka hana maimaita lambar waya a teburin marasa lafiya. Ma'aikacin kati yana son sanin ko maƙwabciyarsa tana zuwa ɗaya reshen. Ba ya ganin layinta, amma sai ya yi kamar zai buɗe sabon kati da lambar wayarta. In rumbun ya ce lambar tana nan, ya sami amsarsa. Idan ɗaya reshen an san shi da wani irin ciwo na musamman, to ya sami fiye da amsa. Gyaran shi ne hanin maimaicin ya haɗa reshe da lamba tare, ko kuma asibitin ya yanke shawara da saninsa cewa teburin sunaye na kowa ne, sirrin yana can cikin ziyarori. Kowanne ka zaɓa, ya zama zaɓa aka yi.

Saƙon kuskure ma yana iya tona asiri. Misalin da Microsoft ke bayarwa a bayanan SQL Server shi ne mutum ya raba ɗaya da albashi a debe wata lamba. In aka ce masa ba a rabawa da sifili, ya san akwai mai wannan albashin. PostgreSQL yana kare wannan ta hanyar duba ƙa'idar tsaro tukuna kafin sharaɗin mai tambaya, sai dai in an tabbatar sharaɗin ba ya yoyo, abin da ake yi wa alamar LEAKPROOF. Kariyar tana da farashi. Neman suna da LIKE ba ya cikin waɗanda aka tabbatar, don haka binciken da a da yake bin fihirisa yana dawowa nan take zai iya komawa bin layuka ɗaya bayan ɗaya. Idan akwatin neman suna ya yi nauyi bayan ka kunna tsaro, nan za ka fara dubawa da EXPLAIN, umarnin da ke nuna hanyar da rumbu ke bi wajen amsa tambaya, kana sanye da muƙamin ma'aikaci, ba da babban asusu ba.

Tunda maganar sauri ta zo: sa ginshiƙin reshe a kowane teburin da ke buƙatar iyakar, ko da za a iya gano shi ta bin tebur biyu ko uku. Masu son tsaftar zane za su ɓata rai, amma ƙa'idar da ke haɗa teburori uku a kan kowane layi za ta durƙusar da rumbun. Don kada reshen da ke teburin gwaji ya saɓa wa na teburin ziyara, mabuɗin da ke haɗa su ya ɗauki reshe da lambar ziyara tare. Sannan fihirisarka ta fara da reshe.

Dole in faɗa maka iyakar wannan tsari. Yana kare ka daga mantuwar mai rubuta manhaja, wadda ita ce ta fi yawan faruwa. Ba ya kare ka daga wanda ya sami damar cusa SQL nasa ta cikin manhajar, don shi ma zai iya cewa SET ROLE likita, ya sa lambar shugaba. Don haka kada a taɓa haɗa rubutun da mutum ya shigar kai tsaye cikin tambaya, a riƙa tura shi daban ta gurbin da aka tanada. Teburin da ya fi tsananin sirri kuma, in kana so ka ƙara masa kariya, ka yi masa asusun shiga na daban wanda ɓangaren kati da na kuɗi ba su da kalmar sirrinsa ko kaɗan.

Likitoci za su yi maka wata tambaya, gara ka shirya mata. An kawo mutum cikin dare ba ya cikin hayyacinsa, katinsa na ɗaya reshen ne, likita na buƙatar sanin ko akwai maganin da jikinsa ba ya ɗauka. Tsarin da ya hana shi gani a wannan lokacin ya yi ɓarna. Kuma in ba ka yi musu hanya ba, za su yi wa kansu: kalmar sirrin shugaba za ta koma rubuce a jikin bangon ɗakin gaggawa. Yi tebur na izinin gaggawa, mai ɗauke da likita, mara lafiya, dalili da lokacin ƙarewa. Likita ya danna, ya rubuta dalilinsa, a buɗe masa wannan mara lafiyar kaɗai na 'yan sa'o'i. Sharaɗin wannan teburin a cikin iyakar_reshe kanta za ka ƙara shi da "ko", tunda ƙa'idar bayarwa ba ta iya tsallake ta. Muƙamin likita ya iya ƙara layi a teburin amma kada ya iya gyarawa ko gogewa. Da safe kuma wani mutum takamaimai, mai suna da ofis, ya duba jerin na daren jiya. In babu mai dubawa, cikin wata biyu maɓallin gaggawa zai zama hanyar yau da kullum.

Wannan ya kawo mu ga rajista. Sau da yawa tonon asiri a asibiti ba daga wanda aka hana yake zuwa ba, daga wanda aka ba izini ne ya duba abin da ba ruwansa: katin kishiya, na tsohon miji, na wani sananne da aka kwantar. Izini ba ya maganin wannan, sanin cewa ana rubuta duk wanda ya buɗe kati shi ke rage shi. PostgreSQL ba ya tayar da TRIGGER, wato shirin da ke tashi da kansa in an taɓa tebur, a kan karatu, don haka ko dai ka sa pgAudit, ƙarin da ke rubuta abin da aka yi a rumbun, ko manhaja ta rubuta wa ya buɗe katin wa da yaushe, a teburin da ba ta da ikon gogewa. Ni na fi son na manhaja a nan, don ita ta san mutumin da katin da sunansu. Idan asibitin a Najeriya yake, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu tsananin sirri, ta kuma ba da sa'o'i 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan aka sami ɓallewar da za ta iya cutar da mutane. Ba tare da rajista ba, ba za ka ma san me ya fita ba, balle ka sanar.

Kwafin ajiya ba ya sanin ƙa'ida. pg_dump, shirin ɗaukar kwafin rumbu, yana kashe tacewar layi, in asusun ba shi da ikon tsallakewa kuma sai ya tsaya da kuskure maimakon ya ba ka rabin bayani, wanda alheri ne. Don haka asusun ajiya yana buƙatar BYPASSRLS, fayil ɗin da ya fitar kuma yana ɗauke da komai na kowa. Kada ya sauka a kwamfutar mai rubuta manhaja da sunan gwaji. Maɓallin fitar da rahoto zuwa Excel ma haka: abin da ya fita ya fita, gobe yana WhatsApp. Ka taƙaita wa ke da shi, ka rubuta duk fitarwa. Rahoton ƙidaya kansa yana iya nuna mutum in rukunin ƙarami ne, abin da Dorothy Denning da abokan aikinta suka nuna tun 1979. "Mata masu wannan cuta a wannan unguwa, 'yan shekara 60 zuwa sama: 1" suna ne, ba ƙidaya ba.

Za ka ji ana maganar tsarin izini mai suna Zanzibar da Google ya bayyana a 2019, da irin su OpenFGA da SpiceDB da aka gina a kan tunaninsa. An yi su ne don inda kowa ke raba fayil da wanda ya ga dama, kamar Google Drive. Asibiti mai rassa uku ba ya buƙatarsu, kuma za su raba maka izini da bayani gida biyu, ka koma fama da daidaita su. Da a ce MySQL kake kai, da labarin ya fi wuya: ya sami muƙamai a siga ta 8.0 amma ba shi da tsaron layi, sai dai a rufe teburori a bi ta tagogi masu WITH CHECK OPTION. Tunda kana PostgreSQL, zauna a nan.

Wajen gwaji, jimlolin da kuka rubuta a takarda su ne jarrabawar. Kowace jimla ta zama gwaji biyu, ɗaya na abin da ya kamata a gani, ɗaya na abin da bai kamata ba, kuma na biyun ne aka fi mantawa. pgTAP yana sauƙaƙa rubuta su a cikin rumbun. Ƙara gwaji ɗaya da ke duba pg_class da pg_attribute, inda rumbu ke ajiye jerin teburori da ginshiƙansu, ya kawo duk teburin da ke da ginshiƙin reshe amma ba a kunna masa tsaron layi ba, ya faɗi in ya sami ko ɗaya. Shi ne zai kama teburin da wani zai ƙara baɗi.

Tunda manhajarka tana aiki a yanzu, kada ka kunna komai rana ɗaya. Fara raba asusun mamallaki da na manhaja. Sannan ka sa manhaja ta riƙa aika muƙami da lambar ma'aikaci a kowace buƙata, ka bar ta haka na ɗan lokaci kana rubuta duk buƙatar da ta zo babu lamba. A nan za ka gano ayyukan da ba mutum ke tayar da su ba: lissafin kuɗin dare, saƙon tunatar da ranar ganin likita, rahoton ƙarshen wata. Waɗannan in ka kunna tsaro ba za su yi kuskure ba, za su ga tebur fanko ne su ba da rahoton sifili, akanta ya zo da safe yana tambayar ina cinikin jiya. Kowannensu ka ba shi lambar ma'aikaci tasa da layukansa a wurin_aiki, da muƙami mai iya abin da yake buƙata kawai. Bayan nan sai ka kunna tebur ɗaya, wanda ya fi sirri, ka ga yadda mako zai kasance kafin ka matsa zuwa na gaba.